Itacen Gahawa da Yadda Ya Bazu Cikin Duniya

Cikin dukan itatuwan da ɗan Adam ya ɗebo daga daji ya mai da su na gona, da wuya a sami wanda ya yi yawon duniya kamar itacen gahawa. Alhazai sun san gahawa a Makka da Madina, inda a kan tari baƙo da ita cikin ɗan finjali. Hausawan da ke zaune a Sudan sun saba da ita ƙwarai, mutanen birane kuwa sun fi saninta da sunan kofi. Amma da yawa cikin masu shanta ba su taɓa ganin itacen ba, balle su san inda ya fito. Abin da za mu duba a nan shi ne asalin wannan itace, da halinsa, da yadda a ke nomansa, da kuma wani abin mamaki game da shi, watau miliyoyin itatuwan da suka cika gonakin Asiya da Amurka jikokin waɗansu 'yan tsire-tsire ne ƙalilan. Wannan ƙarancin iri ya jawo wa manoma hasara mai yawa a da, har yanzu kuwa bai daina ba.

Asalinsa da kamanninsa

Gidan gahawa na asali shi ne kurmin da ke bisa duwatsun kudu maso yammacin Habasha, wajen ƙasar Kafa da Jimma da Ilubabor. Ƙasa ce mai tudu, bisanta daga bakin teku ya kama daga ƙafa 3,000 zuwa 6,500. Ruwan sama na sauka a mafi yawan watannin shekara, ba zafi mai tsanani, ba kuwa sanyin da ke ƙona ganye. A nan ne gahawa ke fitowa da kanta, ba wanda ya shuka, tana zaune cikin inuwar manyan itatuwa.

Itacen ba babba ba ne. In an ƙyale shi a daji ya kan miƙe siriri ya kai ƙafa 20 ko fiye, amma a gona a kan datse kansa daidai tsayin mutum, don hannu ya kai ga 'ya'yan. Rassansa bibiyu su ke fita, wannan daura da wancan, haka kuma ganyen. Ganyen kore ne shar, mai sheƙi, tsawonsa kamar inci biyar, ba ya kaɗewa da rani. Masana ilmin tsire-tsire sun sa shi dangi ɗaya da gauɗe da tafashiya da giyayya na dajinmu, da kuma itacen nan da a ke samun kwinin daga ɓawonsa.

Furensa na da lokaci. In an yi 'yan makonni ba ruwa, sa'an nan aka yi ruwa mai ƙarfi, to, bayan kamar kwana goma sai ka ga itacen ya yi fari fat. Furannin ƙanana ne, a cure a gindin kowane ganye, ƙanshinsu kuwa ya kan cika gona. Kwana biyu ko uku su ke yi su bushe. Daga nan 'ya'ya su ƙullu, su yi wata bakwai zuwa tara suna girma, daga kore su koma rawaya, daga rawaya su koma ja wur, girmansu kamar na magarya. In ka ɓare ɗaya za ka tarad da tsoka mai zaƙi mai yauƙi, sai wata kwasfa mai kama da takarda, a cikinta kuma ƙwaya biyu sun haɗa fuska kamar ɓari biyu na gyaɗa. Waɗannan ƙwayoyi su a ke soyawa a daka a dafa. Abin da ke cikinsu mai hana barci, wanda masana ke kira kafeyin, shi ne dai ke cikin goro da ganyen shayi. Itacen na yinsa ne don ya kāre kansa daga ƙwari.

Akwai wani hali guda na wannan itace da ya kamata mai karatu ya riƙe, gama tarihin duka a kansa ya rataya. Kowa ya san gwanda da dabino suna da namiji da mace, guda ɗaya tak ba ya wadatar da kansa. Yawancin dangin gahawa ma, waɗanda sun haura iri 120, sai an kawo musu ƙurar fure daga wani itace dabam kafin su yi 'ya'ya. Amma gahawar Habasha furenta na barbarar kansa. Saboda haka in mutum ya ɗauki tsiro ɗaya ya ƙetare teku da shi, wannan ɗaya ya isa ya ba da iri, irin kuma ya fito kusan daidai da uwarsa, haka jikoki da tattaɓa kunne. Wannan hali shi ya sauƙaƙa mata tafiya, shi ne kuma ya zama rauninta.

Daga Habasha zuwa Yaman

Mutanen Oromo sun daɗe suna amfani da 'ya'yan gahawa, su kan soya su da man shanu su ci, suna kiransu buna. Labarin nan kuwa na makiyayin da ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yan itacen, tatsuniya ce, wani malami Faustus Nairon ne ya rubuta ta a birnin Rum cikin 1671. Rubutaccen tarihin shan gahawa ya fara ne a Yaman cikin ƙarni na 15. Wani malami mai suna Abdulƙadir al-Jaziri, wanda ya wallafa littafi a kan halaccin gahawa wajen 1558, ya ce sufayen Yaman ne suka fara shanta don su iya raya dare da zikiri, ya kuma ambaci muftin Adan, Jamaluddin al-Zabhani, cikin waɗanda suka yaɗa ta.

Daga Yaman ta bi alhazai da fatake ta shiga Makka da Alƙahira. Cikin 1511 wani hakimin Makka, Khair Beg, ya tara malamai da likitoci ya hana shanta, amma hanin bai daɗe ba. Wajen 1555 aka buɗe gidajen shan gahawa a Santambul, cikin 1652 kuma aka buɗe na farko a Landan.

Duk gahawar da a ke sha a waɗannan birane daga Yaman ta ke fitowa. To, Yaman ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, ba kurmi. Manomanta suka sassaƙa gefen duwatsu hawa hawa, suka dasa itacen a kai, suna yi masa ban ruwa, suna shanya 'ya'yan bisa soraye. Raƙuma ke kai kayan bakin Bahar Maliya, musamman tashar Moka, wadda har yau a ke kiran wata gahawa da sunanta. Ƙwayar da aka shanya aka sussuke ba ta daɗewa ta ke rasa ƙarfin tsira, don haka masu saye suka yi ta saye ba su sami abin shukawa ba, cinikin ya zauna hannun Yaman kusan shekara 200. Amma a lura, abin da aka kai Yaman ɗan kaɗan ne cikin ire-iren da ke kurmin Habasha, cikinsu kuma waɗanda suka jure fari ne kaɗai suka rayu. Wannan shi ne tankaɗe na farko.

Tsiro ɗaya a Amstadam

Mutanen kudancin Indiya suna ba da labari cewa wani alhaji mai suna Baba Budan ya komo daga Makka cikin ƙarni na 17 da ƙwaya bakwai, ya shuka su a duwatsun Cikmagalur, waɗanda a ke kira da sunansa har yanzu. Daga gaɓar Malabar ta Indiya ne mutanen Holanda suka aika da dashe zuwa tsibirin Jawa cikin 1696. Ambaliya ta cinye shi. Suka sake aikawa cikin 1699, wannan karo ya kama, har cikin 1711 aka kai gahawar Jawa ta farko kasuwar Amstadam.

Cikin 1706 aka ɗauko tsiro daga Jawa aka kai lambun binciken itatuwa na Amstadam, aka ajiye shi cikin ɗakin gilashi da a ke ɗumamawa, gama sanyin Turai zai kashe shi. Ya yi fure, ya barbari kansa, ya yi 'ya'ya. Cikin 1714 hukumar birnin ta ba Sarkin Faransa Luwi na 14 kyautar ɗaya daga cikin 'ya'yansa, aka dasa a lambun sarki a Faris. Mutanen Holanda suka kai waɗansu Surinam wajen 1718. Wajen 1723 kuma wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Gabriel de Clieu, ya ɗauki dashe daga Faris zuwa tsibirin Martinik. Shi da kansa ya ba da labari cewa ruwan sha ya ƙaranta a jirgi har aka koma rabo, ya riƙa raba nasa kason da tsiron. Cikin 1727 wani jami'in Fotugal, Francisco de Melo Palheta, ya samo iri daga Giyana ta Faransa ya kai Fara, a arewacin Birazil. Wannan zuriya duka ita a ke kira Tifika.

Akwai zuriya ta biyu. Wajen 1715 Faransawa sun ɗauko dashe daga Yaman sun kai tsibirin Burbon, wanda yanzu a ke kira Reyuniyon, kaɗan ne cikinsu suka rayu. Jikokinsu a ke kira Burbon. Su ma daga baya sun kai Birazil, 'yan mishan na Faransa kuma suka kai su gabashin Afirka cikin ƙarni na 19. Ka ga gahawa ta shiga gonakin Kenya, maƙwabciyar Habasha, bayan ta zaga ta Yaman da tsakiyar tekun Indiya. Sa'ad da Linnaeus, masanin nan na Suwidin, ya raɗa wa itacen suna cikin 1753, sai ya kira shi Coffea arabica, watau gahawar Larabawa, sunan kuwa ya bi shi, har a ke ce mata arabika.

Wannan yaɗuwa ba a kan banza aka yi ta ba. Wajen 1788 rabin gahawar duniya daga yankin nan da yanzu a ke kira Haiti ta ke fitowa, bayi 'yan Afirka ke nomanta, har suka yi tawaye cikin 1791. A Jawa tilasta wa talakawa aka yi su noma ta su kai wa hukuma a kan farashin da ta yanka. Birazil ta zama shugabar masu noman gahawa kafin tsakiyar ƙarni na 19, ita ma da ƙarfin bayi, ba ta kuwa soke bauta ba sai 1888.

Yadda a ke nomanta

Arabika na son tudu mai sanyi-sanyi, kamar digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin santigired, da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya, da ruwan sama kamar inci 60 zuwa 80 a shekara, watau wajen ninki biyu na abin da Kano ke samu. Shi ya sa a Nijeriya sai a irin tsaunin Mambila ta ke yi, a Kamaru kuma a duwatsun yamma. Sanyi mai daskarar da raɓa na kashe ta, kamar yadda ya faru a jihar Farana ta Birazil cikin Yuli 1975, har farashi ya tashi a duniya duka.

A kan zaɓi jajayen 'ya'ya daga itace mai lafiya, a shuka ƙwayar tun tana sabuwa a ƙarƙashin rumfa, a yi renonta wata shida zuwa shekara, sa'an nan a dasa da farkon damina, a bar kamar ƙafa takwas ko tara tsakani. Sai shekara ta uku ko ta huɗu a ke fara tsinka. Da ya ke 'ya'yan ba sa nuna rana ɗaya, mai son gahawa ta ƙwarai ya kan koma wa itace sau uku ko huɗu yana tsintar jajaye kaɗai. Bayan tsinka hanya biyu ce. Ko dai a shanya su da ɓawonsu mako biyu zuwa huɗu kana a sussuke, kamar yadda a ke yi a Yaman da Harar, ko kuwa a murje ɓawon a inji, a bar ƙwayar ta kwana yauƙin ya saki, a wanke, a shanya. Laba biyar ko shida na ɗanyun 'ya'ya ke ba da laba ɗaya ta busasshiyar ƙwaya, itace guda kuwa laba ɗaya ko biyu ya kan bayar a shekara.

Masu manyan gandaye sun gane cewa in an cire inuwa itacen ya kan fi yin 'ya'ya. Don haka suka sare kurmi suka ƙone, suka jera gahawa zalla a rana, daga wannan tudu har wancan. Amfani ya yi yawa da farko, amma itacen ya kan gaji da wuri, ruwa kuma ya wanke ƙasar. Kwarin Faraiba na Birazil, wanda ya yi tashe a tsakiyar ƙarni na 19, kafin ƙarshen ƙarnin ƙasarsa ta mutu.

Cutar tsatsa

Babbar masifa a tsibirin Silon ta fara, wanda yanzu a ke kira Siri Lanka. Ingilishi sun ci ƙasar Kandi cikin 1815, daga baya suka sare dazukan duwatsunta suka cika su da gahawa, har tsibirin ya shiga sahun manyan masu nomanta. Cikin 1869 aka ga wani gari ruwan lemo a bayan ganyen waɗansu itatuwa, kamar tsatsar ƙarfe. Wata irin funfuna ce, masana suka sa mata suna Hemileia vastatrix. Ganyen da ta kama ya kan kaɗe, itacen da ba ganye kuwa ba shi da abin ciyar da 'ya'yansa, sai ya rame, amfanin baɗi ya lalace.

Cikin 1880 gwamnati ta aiko da wani saurayi masani, Harry Marshall Ward. Ya nuna cewa garin nan shi ne irin cutar, iska da ruwan sama ke ɗaukarsa, in ya sami ganye jiƙaƙƙe sai ya tsira ya shiga ta ƙofofin numfashin ganyen. Ya kuma nuna cewa jera itace iri ɗaya mil bisa mil, ba wani abu tsakani, shi ya buɗe wa cutar hanya. A kurmin Habasha ma akwai tsatsa, amma ba ta yin ɓarna irin wannan, domin itatuwan a warwatse su ke, halinsu kuma ya bambanta, wanda ta kayar da wanda ya fi ƙarfinta suna tsaye kusa da juna. A Silon kuwa duka 'yan uwa ɗaya ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Bankin Oriental, wanda ya zuba kuɗi a gonakin, ya karye cikin 1884. Kafin 1890 noman gahawa ya durƙushe a tsibirin, aka tuge itatuwan aka dasa shayi. Asalin shayin Silon ke nan.

Cutar ta kai Jawa cikin 1876, ta bi sauran ƙasashen Asiya. Teku ta tsare Amurka shekara ɗari, amma cikin 1970 aka gan ta a jihar Bahiya ta Birazil. Cikin 2012 da 2013 ta yi mummunar ɓarna a Amurka ta Tsakiya, har Gwatamala ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, lebura masu yawa suka rasa aiki. Cikin 2020 ta sauka tsibiran Hawayi. Akwai maganin feshi na tagulla da waɗansunsa, amma da tsada, ƙaramin manomi ba kullum ya ke iya saye ba.

Magani daga daji

Duk sa'ad da aka matsu, daji aka koma. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka lura da wata gahawa a kurmin Kwango, wadda a ke samu kuma a Uganda da Afirka ta Yamma. Tana jure zafi da tsatsa, kafeyin ɗinta kuma ya kusa ninka na arabika, sai dai ta fi ɗaci. Ita ce robusta. Aka kai ta Jawa wajen 1900 ta maye gurbin wadda ta mutu. Yau kamar kashi 40 cikin 100 na gahawar duniya robusta ce, ita ce kuma ta sa Biyetnam ta zama ta biyu bayan Birazil.

Wajen 1927 aka tarad da wani itace a tsibirin Timo wanda ya fito daga barbarar arabika da robusta, ba da hannun kowa ba. Ya ɗauko kamannin arabika da juriyar robusta. Cibiyar binciken tsatsar gahawa da Fotugal ta kafa a Oeiras cikin 1955 ta rarraba irinsa, aka yi ta aurar da shi da gahawar gona. Daga nan ne Kolombiya ta fitar da iri mai jure tsatsa cikin 1982, da wani mai suna Castillo cikin 2005. Amma ita ma cutar tana sake kama, a waɗansu ƙasashe ta riga ta karya juriyar waɗansu jikokin itacen Timo.

Saboda haka idanu suka koma Habasha. Cikin 1964 da 1965 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da masana suka tattaro ɗaruruwan samfuri daga can, aka dasa su a lambunan bincike, har da na Kosta Rika. Sa'ad da wata cuta mai ruɓar da 'ya'yan gahawa ta ɓulla a Habasha wajen 1971, cikin itatuwan ƙasar ne masanan Jimma suka zaɓo waɗanda ba ta kamawa. Wani iri kuma da aka ɗebo kusa da Gesha wajen 1930 da 'yan kai, ya bi ta gabashin Afirka da Kosta Rika ya kai Fanama, ya zauna ba wanda ya kula da shi, sai cikin 2004 ya ci gasa saboda ƙanshinsa, ya shiga cikin mafi tsadar gahawa a duniya.

To, ga inda damuwar ta ke. Ƙwayar gahawa ba ta ajiyuwa shekara da shekaru a rumbu kamar gero ko dawa, don haka ajiyar iri sai dai a itace mai rai, a lambu ko a daji. Kurmin Habasha kuwa ya ragu ƙwarai saboda sara da noma, zafi kuma na ƙaruwa. Cikin 2019 masanan lambun Kew na Ingila suka bayyana cewa cikin ire-iren gahawar daji 124, kashi 60 cikin 100 na fuskantar ƙarewa, har da arabika ta daji. An ɗan yi ƙoƙari: cikin 2010 UNESCO ta sa dazukan Kafa da Yayu cikin wuraren da a ke kiyayewa, cikin 2018 kuma aka sake gano wata gahawa mai jure zafi, stenofila, a dajin Saliyo, bayan an yi shekaru fiye da 60 ba a gan ta a can ba.

Abin da wannan tarihi ke koya wa manomi bai tsaya ga gahawa ba. Iri mai yawan amfani abin so ne, amma in kowa ya koma masa ya yar da sauran, ran da cuta ta gane shi ba wurin gudu. Manomin Kolombiya da na Biyetnam suna cin abinci yau da itatuwan da wani bai sare ba a Timo da Kwango. Wanda zai noma gahawa nan da shekara hamsin kuwa, abin da zai shuka ya dogara ga yawan kurmin da aka bari tsaye a Kafa.